Neman sawun kakanninmu sojojin Yaƙin Duniya na Biyu: ina takardunsu suke?

A gidaje da yawa, daga zangon Kumasi zuwa unguwar Briqueterie ta Yawunde, daga Garwa zuwa Njamena, akwai tsohuwar adaka da aka ajiye lambar yabo ko hoton wani saurayi da kaki a cikinta. Abin da iyali suka sani bai wuce jimla guda ba: "Ya je yaƙin Hitila," ko "Ya je Bama." Yaƙin ya ƙare a 1945, waɗanda suka yi shi kusan duk sun kwanta dama, amma takardunsu na nan. Wahalar ita ce sun warwatsu a ƙasashe daban-daban, kuma ba da suna ake samun mutum a cikinsu ba, da lamba ake samunsa.

Tuta kafin gari

Tambayar farko ba "ina aka haife shi" ba ce. A ƙarƙashin wace tuta ya yi soja? Ga mutanenmu na ƙetaren iyaka wannan ba ƙaramar tambaya ba ce. Samari da yawa daga ƙasar Faransa, Zabarmawa da Hausawan Nijar da Mosawa, sun tsallaka suka shiga sojan Ingila a Najeriya ko Gold Coast, wato Gana ta yanzu. Wanda aka haifa a Ƙonni kan iya kasancewa cikin rajistar Ingila, kuma Faransa ba ta da ko layi ɗaya a kansa. Shahararren misali shi ne Chari Maigumeri, wanda ya fara soja a hannun Jamus a Kamaru, ya koma sojan Ingila lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, ya kuma yi yaƙin Habasha da na Bama. Akwai bariki mai sunansa a Lokoja.

Ko a ɓangaren Faransa ma hanya biyu ce. Cadi, a ƙarƙashin gwamna Félix Éboué, ta bi Janar de Gaulle ranar 26 ga Agusta 1940, Kamaru ta biyo washegari. Nijar kuwa, tare da sauran Afirka ta Yamma ta Faransa, ta zauna a hannun gwamnatin Vichy har Nuwamba 1942. Don haka sojan da aka ɗauka a Fort-Lamy a 1940 da wanda aka ɗauka a Damagaram a 1939 ba yaƙi ɗaya suka yi ba. Na farko mai yiwuwa ya bi Leclerc ya ratsa hamada zuwa Kufra, wadda aka ci a farkon Maris 1941. Na biyu mai yiwuwa yana Faransa lokacin da Jamus ta mamaye ta a Yuni 1940, ya ƙare a sansanin fursunoni.

Kafin ka rubuta wa kowa wasiƙa, a zazzage adakar. Littafin soja, takardar sallama, katin tsohon soja, takardar fansho, duk suna ɗauke da lambar mutum. A Faransa ana ce mata matricule, tana tafe da classe, wato shekarar ɗauka, da sunan cercle ɗin da aka ɗauke shi. A Ingila lambar kan fara da NA ga sojan Najeriya, GC ga na Gold Coast. Taurarin yabo irin su Burma Star da Africa Star suna nuna fagen da mutum ya je, amma ba a rubuta suna a jikinsu ba. Lambobin jarumta irin su Military Medal ne ke da suna da lamba a gefensu.

Sai batun suna, wanda shi ke karya gwiwar yawancin masu nema. Akawun Faransa ya rubuta Moussa, Issoufou, Mamane, Oumarou, sau da yawa suna ɗaya tilo, shekarar haihuwa kuma ta kintace. Na Ingila ya rubuta Garuba, Momadu, Yesufu, Awudu, ya liƙa masa sunan gari ko ƙabila: Kano, Sokoto, Zinder, Bazabarimi, Moshi. Sunan mahaifi, wanda da shi iyali suka san mutum, sau da yawa ba ya ciki sam. Ka gwada kowane irin rubutu da zai yiwu, ka kuma tuna cewa garin da aka liƙa masa wani lokaci garin da ya faɗa wa mai ɗauka ne, ba garinsu ba.

Idan sojan Faransa ne

Fara da shafin intanet na Mémoire des hommes, na ma'aikatar tsaron Faransa. Kyauta ne, kuma yana da rumbun sunayen sojojin da suka mutu a yaƙin 1939 zuwa 1945, da na waɗanda aka amince sun yi gwagwarmayar 'yantar da Faransa, ciki har da sojojin de Gaulle. Abin da za ka samu a nan taƙaitacce ne, amma yana ba da lambar fayil, kuma da ita ake neman cikakken fayil ɗin.

Fayilolin suna hannun Service historique de la Défense, wanda ke da rassa uku da suka shafe mu. Na Vincennes, kusa da Paris, yana riƙe da fayilolin Faransa Mai 'Yanci a jerin GR 16 P, da littattafan da kowace bataliya ke rubuta tafiyarta da faɗanta kullum. Na Caen yana riƙe da fayilolin waɗanda suka mutu da katunan fursunonin yaƙi. Wannan reshe yana da muhimmanci ga 'yan 1940, domin Jamusawa ba su so ajiye fursunoni baƙar fata a ƙasarsu ba, sai suka tsare yawancinsu a sansanonin da ake kira Frontstalag a cikin Faransa. Kwamitin Red Cross na duniya a Geneva shi ma yana da katunan fursunoni, sai dai yana karɓar buƙatu ƙididdigaggu ne a wasu lokuta na shekara.

Reshe na uku, wanda a ganina shi ya kamata iyali su fi sani, shi ne Centre des archives du personnel militaire da ke barikin Bernadotte a birnin Pau. A can rajistocin sojojin tsoffin ƙasashen mulkin mallaka suke, kuma daga can ake samun état signalétique et des services: takardar da ke jera ranar ɗauka, rundunonin da mutum ya bi, jirgin ruwan da ya shiga, rauni, girma da ranar sallama. Wanda ya je yaƙi ya dawo lafiya ya mutu a gida ba zai fito a rumbun matattu ba, amma a Pau ana iya samunsa. Ana rubuta musu da Faransanci, a haɗa shaidar dangantaka da ta rasuwa. A yi haƙuri, amsa ba ta zuwa da wuri.

Ga mai son hoton zamanin gaba ɗaya, takardun gwamnatin Afirka ta Yamma ta Faransa suna Dakar, a gidan adana takardu na Senegal, kuma a nan rahotannin ɗaukar soja suke. Wani ɓangare na takardun Afirka ta Tsakiya yana Aix-en-Provence. A Fréjus, inda aka riƙa sauke sojojin Afirka, akwai cibiyar CHETOM a gidan tarihin troupes de marine. Kada kuma a raina ofishin tsoffin sojoji na gida, irin su ONACAM a Kamaru, domin duk wanda ya taɓa karɓar fansho ya bar takarda a irin waɗannan wurare.

Kalmar tirailleur sénégalais kada ta ruɗe ka. Suna ne na runduna, ba na ƙasa ba. Rundunar da Leclerc ya tafi da ita Kufra sunanta Régiment de tirailleurs sénégalais du Tchad.

Idan sojan Ingila ne

A nan abin ya fi wuya, domin fayil ɗin kowane sojan Afirka ba a kai shi Landan ba, an bar shi a ƙasar da aka ɗauke shi. A Gana sai a nufi ofishin rajistar sojoji na Burma Camp a Accra, da hukumar tsoffin sojoji, da rassan PRAAD na Accra, Kumasi da Tamale. A Najeriya akwai Nigerian Legion da gidan adana takardu na Kaduna. Mutanen tsohuwar Kamaru ta Ingila su duba Buea.

Wanda bai dawo ba, a neme shi a shafin Commonwealth War Graves Commission, wanda ya ƙunshi mamatan 3 ga Satumba 1939 zuwa ƙarshen 1947. Ana iya nema da lamba ko da sunan runduna. Sojojin Afirka ta Yamma suna kwance a maƙabartar Taukkyan kusa da Yangon, da Chittagong da Maynamati a Bangaladash, waɗanda ba a ga gawarsu ba kuma sunayensu na jikin dutsen tunawa na Rangoon. Rashin ganin suna ba hujja ba ce cewa mutum bai mutu a yaƙi ba. A Afrilu 2021 hukumar da kanta ta amsa cewa aƙalla mutum 116,000, yawancinsu 'yan Afirka, na Yaƙin Duniya na Ɗaya ba a rubuta sunayensu ba.

Idan ka san bataliya, National Archives da ke Kew a Landan za ta gaya maka inda take kowace rana. Jerin WO 172 na fagen Bama ne, WO 173 na Afirka ta Yamma, WO 373 kuma shawarwarin ba da lambar yabo ne, kuma ana iya sauke su ta intanet. A cikin WO 373 ne za ka ga an ba da labarin ƙaramin soja da sunansa da abin da ya yi. Sauran littattafan sunayen hafsoshi Turawa suka cika su. Runduna ta 81 ta yi faɗa a kwarin Kaladan, ta 82 a Arakan, suka haɗu a Myohaung a Janairu 1945. Bataliyoyin Najeriya na 6, 7 da 12 sun shiga cikin Chindits a 1944. Kafin haka, a Fabrairu 1941, sojojin Najeriya ne suka shiga Mogadishu. Da yawa kuma ba bindiga suka riƙe ba, dakon kaya a ka suka yi cikin dajin Bama a rukunonin Auxiliary Group, su ma sojoji ne masu lamba.

Littattafan da za su buɗe maka hanya ba su da yawa. David Killingray ya rubuta Fighting for Britain a 2010, John Hamilton ya rubuta War Bush kan runduna ta 81. A Faransanci akwai La France libre fut africaine na Eric Jennings, kan Cadi da Kamaru, da aikin Armelle Mabon kan fursunoni da kisan Thiaroye na 1 ga Disamba 1944. Da Hausa, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fita a Janairu 1939, ta bi yaƙin tun daga farkonsa, kuma Sa'adu Zungur ya yi waƙar Maraba da Soja da dawowarsu.

Abin da babu shi a Pau ko Kew yana bakin gwaggo da baffa: wane wata ya tafi, da wa suka tafi, ta Legas ya shiga jirgi ko ta Duwala, wace kalmar baƙon harshe ya dawo yana faɗi. Ka naɗi muryarsu a waya, ka ɗauki hoton kowace takarda gaba da baya, sannan ka rubuta lambar a wuri biyu kafin ka mayar da adakar.