Tarihin Ƙungiyoyin Fadan Katolika Masu Zaman Gida Ɗaya Ba Tare da Wa'adi Ba

A cikin Cocin Katolika akwai ƙungiyoyin da 'ya'yansu ke zaune a gida ɗaya, tukunyarsu ɗaya, shugabansu ɗaya, amma ba su ɗaukar wa'adin nan uku na talauci da tsarkin kai da biyayya irin na sufayen coci. A yawancinsu, abin da ke ɗaure su shi ne rantsuwa ko alkawari ga ƙungiyar da aikinta. Kada mai karatu ya zaci ana aure a cikinsu; fada dai fada ne. Tushen tsarin na komawa ga Filibus Neri, wanda aka amince da ƙungiyarsa a Roma a 1575, kuma dokar cocin ta 1983 ce ta ba su sunan da ake kiran su da shi yau, wato ƙungiyoyin rayuwar manzanci.

Wadda ta fi shafar ƙasar Hausa ita ce SMA, da Bishop Melchior de Marion Brésillac ya kafa a birnin Liyon na Faransa ranar 8 ga Disamba, 1856. Bai daɗe ba, zazzaɓin shawara ya kashe shi a Firitawun a 1859, makonni kaɗan da saukarsa. Mutanensa ba su ja da baya ba. Sun bi ta Legas da Lokoja, suka kafa tasha a Shendam a 1907, daga baya fadan Ailan na ƙungiyar suka riƙe Kaduna da Jos da Kano. Tsarin ya dace da irin wannan aiki, domin wanda ba a ɗaure shi da gidan sufaye ba, duk inda aka tura shi nan ne gidansa.

Lardin Katsina, har da Dutsin-Ma da Kurfi, yana ƙarƙashin Kaduna ne sai a 1953 da aka yanke Sakkwato da Katsina aka damƙa wa 'yan Dominikan daga Amurka, su kuwa masu wa'adi ne. Nijeriya ma ta samu tata ƙungiyar maras wa'adi a 1977, ta Bulus Mai Tsarki, wadda Kadinal Dominic Ekandem ya assasa.

Tun farko burin Brésillac shi ne a horar da 'yan ƙasa su karɓi ragama. A 2023 Fafaroma Francis ya kafa dayosis ɗin Katsina, ya naɗa Gerald Mamman Musa, Bahaushe ɗan Malumfashi, bishop na farko. Dutsin-Ma da Kurfi suna ƙarƙashinsa a yau.