Kalmomin Haɗuwa da Rabuwa a Harshen Ingilishi

Duk wanda ya taɓa zama gaban alkali ya san magana iri biyu ce, akwai ta tsakar gida, akwai ta littafi. Mutum ya ce ya saki matarsa, alkali ya rubuta ɗalaƙi, sa'an nan ya tambaya ko na nawa ne, gama saki ɗaya daban, uku daban. To, haka harshen Ingilishi yake wajen kalmomin haɗuwa da rabuwa. Yana da na gida, yana da na hukuma. Na hukumar nan kuwa sun taɓa zaman mutanen Nijeriya ƙwarai, har waɗanda ba su jin ko kalma ɗaya ta Turanci.

Na gida su ne tsofaffi. Wajen shekara ta 450 waɗansu kabilu, Angil da Sakson, suka ƙetaro teku daga gaɓar Jamus da Danmak, suka zauna a tsibirin Biritaniya. Daga sunan Angil aka sami Ingila da Ingilishi. A bakinsu aka gaji "gather", watau tara, da "together", watau tare. Tushensu ɗaya, kamar yadda tara da tare da taro suke 'yan ɗaki ɗaya a Hausa. Akwai wani abin mamaki game da "with", wadda ko yaron elementare ya san ma'anarta tare da. A zamanin can gāba take nufi. Wadda ke nufin tare da ita ce "mid", ta kuwa ɓace, sai ɓurɓushinta a cikin "midwife", ungozoma, matar da ke tare da mai naƙuda. Ba abin dariya ba ne kalmar gāba ta rikiɗe ta zama ta zumunci. Ko da Hausa in an ce wane ya yi faɗa da wane, 'yar kalmar nan "da" ta haɗa su, ta kuma raba su.

A shekara ta 1066 Wiliyam, Sarkin Normandi ta ƙasar Faransa, ya ci Ingila da yaƙi. Daga nan Faransanci ya zama harshen fada da shari'a wajen shekara 300, Latin kuwa na malamai, Ingilishi aka bar wa talakawa. Da Ingilishi ya komo fada, sai ya komo da kaya niƙi-niƙi na aro, kamar yadda Hausa ta yi da Larabci. Ta wannan hanya "join" da "part" da "separate" da "divorce" suka shigo. Haka kuma "company", wadda asalinta abokin cin gurasa ne, wanda aka sa hannu akushi ɗaya da shi. Ita ce Hausawa suka mai da kamfani. Irin wannan taron abokan ciniki ne, Kamfanin Neja, ya riƙe bakin Kwara da Binuwai da izinin Sarauniya tun 1886, har Gwamnatin Ingila ta karɓa a Lakwaja ran 1 ga Janairu, 1900.

Kalmomin hukuma ba a aro su don ado ba. Kowace tana auna iyakar haɗin da aka yi. "Union" daga kalmar Latin mai nufin ɗaya ta fito. A 1603 Sarauniya Elizabeth ta Farko ta rasu ba magaji na cikinta, aka ba Sarkin Skotlan, James, gadon Ingila. Fiye da shekara 100 ana nan sarki ɗaya, majalisa biyu. Sai a 1707 aka gama majalisun a Landan, wannan shi aka kira "Union", amma duk da haka Skotlan ta riƙe shari'arta da majami'arta. A 1801 aka shigar da Ailan, a 1922 yankuna 26 cikin 32 na tsibirin suka fita bayan an zub da jini. A 2014 aka tambayi mutanen Skotlan da ƙuri'a, 55 cikin 100 suka zaɓi zama.

"Federation" kuwa tushenta alkawari ne. Ƙasashe su yi wa juna alkawari, su kafa gwamnati ɗaya a tsakiya mai iko kan tsaro da kuɗi da harkokin waje, kowace ta riƙe sauran al'amuranta. Tana da ƙanwa, "confederation", mai sako-sakon ɗauri, inda ta tsakiya ba ta da ƙarfi sai abin da aka ara mata. Mutanen Amurka sun ɗanɗana duka biyun. Da mai sako-sakon suka fara, suka ga ko haraji ba ta iya tarawa, suka tsara mai ƙarfin a 1787. A 1860 da 1861 jihohi 11 na kudu suka ce sun fita saboda batun bayi. Wannan fita ita ce "secession", watau ware kai. Aka yi yaƙi har 1865, mutum fiye da 600,000 suka mutu, aka komo da su.

Da Gwamna Lugga ya gama Arewa da Kudu ran 1 ga Janairu, 1914, ba a ɗauki ko ɗaya cikin waɗannan ba. Kalmar da aka yi aiki da ita "amalgamation" ce, kalmar maƙera. Asalinta gauraya zaiba da wani ƙarfe, kamar zinariya ko azurfa, har su zama abu guda. Sunan ya fi aikin girma. An gama baitulmali da jirgin ƙasa da gidan waya, amma kowane ɓangare da Mataimakin Gwamnansa, sarakuna da alkalai da En'e suna nan yadda suke. Manomin Kazaure bai ga abin da ya sake ba, harajinsa dai ga dagaci yake kai shi.

Rigimar kalmomi ta taso sosai a 1953. Ran 31 ga Maris Anthony Enahoro ya kawo shawara a Majalisar Wakilai ta Ikko a ba Nijeriya mulkin kai a 1956. Wakilan Arewa, Sardaunan Sakkwato na gaba, suka ce ba a shirya ba tukuna, aka yi musu ihu a titi. A watan Mayu aka yi tarzoma a Kano. Cikin watan nan majalisun Kaduna suka amince da sharuɗɗa 8, waɗanda suka nemi kowace jiha ta riƙe kanta, kada a yi majalisar dokoki a tsakiya, sai dai wata hukuma mai lura da tsaro da harkokin waje da kwastan. Ko ba a faɗa ba, wannan "confederation" ce. Aka tafi taro Landan, aka ja, aka saki, ran 1 ga Oktoba, 1954, ƙasar ta zama "Federation". Masu fassara suka ce Tarayya. Sun kuwa dace, domin masu tarayya a gona kowa ya san kunyarsa.

Ran 24 ga Mayu, 1966, Janar Ironsi, wanda ya karɓi mulki bayan kisan shugabanni na Janairu, ya fitar da Doka ta 34. Ta soke Tarayya, ta mai da jihohi rukunin larduna, ta gama ma'aikatan gwamnati wuri ɗaya. Aka kira ta dokar "unification", 'yar'uwar "union". A takarda kalma ce mai daɗi. A Arewa, inda makarantun boko ba su da yawa, akawu da ɗalibi suka ji ta da ma'anar za a ɗauke musu aiki. Kafin mako ya zagayo tarzoma ta tashi, ana kiran "a raba", aka kashe mutanen Gabas masu yawa waɗanda ba su rubuta dokar ba, ba a kuma shawarce su ba. A Yuli aka kashe Ironsi, Yakubu Gowon ya hau, ya mai da Tarayya. A Satumba da Oktoba aka sake kashe-kashen da suka fi na farko muni, mutanen Gabas suka kwashe suka koma gida.

Ran 4 da 5 ga Janairu, 1967, shugabannin soja suka taru a Aburi ta ƙasar Gana. Dukansu da Turanci suka yi magana, aka ɗauki muryoyinsu, aka sa hannu, aka rabu da fara'a. Da aka komo gida, Ojukwu, Gwamnan Gabas, ya tsaya a kan ɗaurin sako-sako aka yarda da shi. Manyan sakatarorin Ikko suka duba takardar, suka ce in an bi ta haka Tarayya ta tashi. Ran 27 ga Mayu Gowon ya raba ƙasar jihohi 12, ran 30 Ojukwu ya yi shelar Biyafara. Kalmar nan ta Amurka, "secession", ta shigo jaridu da rediyo, aka yi yaƙi tun Yuli 1967 har Janairu 1970.

Da aka zo rubuta tsarin mulki na 1979, da na 1999 wanda ya gaje shi, sai aka sake komawa rumbun Latin. A sashe na 2 aka siffanta Nijeriya da kalma biyu, "indivisible", wadda ba ta rabuwa, da "indissoluble", wadda ba ta narkewa, aka kuma bar mata sunanta na Jamhuriyar Tarayya.