Babban rabon caca: yadda ake cin sa da abin da ke biyo baya

A majalisun shayi na Madawa, Buza da Keita akwai tambayar da ba ta tsufa: in ka wayi gari da miliyan ɗari a hannu, me za ka fara yi? Ga bayani kan inda irin wannan kuɗi ke fitowa, yiwuwar samun sa, da abin da ya faru da waɗanda suka samu.

Mene ne babban rabo?

Babban rabo shi ne kaso mafi tsoka a cacar ƙuri'a. Kuɗin daga aljihun masu sayen tikiti suke fitowa: ana tara abin da kowa ya zuba, kamfani da gwamnati su cire kasonsu, sauran a raba wa waɗanda suka dace. A wasu wasannin, in ba a samu mai ci ba sai a ɗora kuɗin kan zagaye na gaba, shi ya sa suke kumbura. Komai girman rabon, abin da jama'a suka zuba a dunƙule ya fi abin da ake mayar musu.

Su wa ke shirya ta a Nijar?

Kamfanin gwamnati na LONANI ne ke riƙe da harkar. Wasan da aka fi sani shi ne PMU, wato caca kan sukuwar dawakin da ake yi a filayen Faransa irin su Vincennes da Longchamp. An kafa PMU a Faransa a 1930, aka ƙirƙiro tiercé a 1954. A tiercé mutum na zaɓen dawaki uku na farko, a quarté huɗu, a quinté biyar. Akwai kuma ƙuri'ar haɗin gwiwa ta ƙasashen Conseil de l'Entente, wato Nijar, Benin, Burkina Faso, Côte d'Ivoire da Togo. A ƴan shekarun nan cacar ƙwallon ƙafa ta wayar salula ta shigo, kuma matasa ta fi ja.

Mene ne yiwuwar ci?

Lissafin ba ya da wuya. In dawaki 16 ne a fili, hanyoyin da uku na farko za su iya jeruwa sun kai 3,360. Na huɗu 43,680 ne, na biyar kuwa 524,160. Sanin dawaki na iya taimaka wa mai wasa, sai dai in dokin da kowa ke zato ne ya zo, masu ci sun yi yawa, kason kowa ya ƙanƙance. A EuroMillions ta Turai damar cin babban rabo ɗaya ce cikin kusan miliyan 140, a Powerball ta Amurka ɗaya cikin miliyan 292.

Wanda ke zuba dala ɗari, wato sefa 500, kowace rana, a shekara ya fitar da sefa 182,500. Wannan ya zarce albashi mafi ƙanƙanta na wata huɗu, tun da an kai shi sefa 42,000 a 2024.

Me mutane ke cewa za su yi?

Jerin buri a Adar sananne ne, domin shi ne dai na ɗan bida mai dawowa daga Abijan, Libiya ko Aljeriya: gidan siminti, kujerar Makka ga iyaye, aure, shanu da tumaki, mota ko babur na haya. A fadamun Madawa ana ƙara garkar albasa da injin ban ruwa da rumbun ajiya, don a riƙe albasa har ta yi tsada. A Keita da Buza, inda ƙasa ke da tsauni kuma zaizaya ta ci gonaki, rijiya da gona mai kyau ne kan gaba.

Bambancin shi ne ɗan bida ya tara nasa a hankali, ya san wahalar kowace jika. Mai rabon caca kuwa a dare ɗaya nauyin ke faɗo masa, labari kuma ya riga shi isa gida. A garin da kowa ya san kowa, dangi, surukai, abokai da maroƙa duk suna da abin da suke jira, kuma wanda aka hana ba ya mantawa.

Me ya faru da waɗanda suka ci?

Rabo mafi girma da aka taɓa ci shi ne dalar Amurka biliyan 2.04, a jihar California, a watan Nuwamba 2022. Mai shi ya zaɓi a ba shi a dunƙule, sai kuɗin suka koma miliyan 997.6, tun kafin a cire haraji.

A Disamba 2002 wani ɗan kwangila a jihar West Virginia ya ci kusan dala miliyan 315. Ya yi kyauta mai yawa, amma cikin shekara guda ɓarayi suka fasa motarsa suka kwashe fiye da rabin miliyan, ƙararraki suka yi masa yawa a kotu, jikarsa kuma ta rasu a 2004. A Ingila, wani matashi mai aikin kwasar shara ya ci fam miliyan 9.7 a 2002. Zuwa 2010 babu abin da ya rage.

Akwai wanda ya bi wata hanya. A Disamba 2020 wani Bafaranshe ya ci Yuro miliyan 200, kimanin sefa biliyan 131. Ya ɓoye sunansa, ya zuba mafi yawan kuɗin a gidauniyar kare muhalli da ya sa wa suna Anyama, sunan garin goron nan na kusa da Abijan da ƴan bida suka sani.

Me addini ya ce?

Alƙur'ani ya yi magana kan caca a aya ta 219 ta Suratul Baƙara, ya haramta ta a ayoyi na 90 da 91 na Suratul Ma'ida. Malamai na sa cacar ƙuri'a da ta dawaki da ta ƙwallo cikin wannan hukunci, ko da gwamnati ce ta shirya. Nan ne burin kujerar Makka ke cin karo da bango: a mazhabar Malikiyya da mafi yawan malamai, wanda ya yi hajji da kuɗin haram farilla ta sauka daga kansa amma zunubin na nan, Hanbaliyya kuwa na ganin hajjin bai yi ba. Abin da malamai ke faɗa wa wanda ya tuba shi ne ya rabu da kuɗin ta hanyar ba mabuƙata ko aikin amfanin jama'a, ba tare da ɗaukar sa sadakar neman lada ba.

In kuɗi mai yawa ya zo a lokaci guda fa?

Gado, diyya ko cinikin albasa mai kyau na iya kawo irin wannan jarrabawa. Masu ba da shawara kan dukiya sun haɗu kan abubuwa kaɗan: a kama baki, a sa kuɗin a banki, a jinkirta manyan saye-saye na wasu watanni, a fara biyan bashi. A yanke abin da za a ba dangi tun farko, a tsaya a kansa. Mai sayen gona ko garka ya nemi takarda daga hukumar filaye ta COFO, wadda dokar karkara ta 1993 ta tanada, don kada magada su taso daga baya. In dukiyar halal ce, ta kai nisabi kuma ta shekara, zakkarta kashi 2.5 cikin ɗari ce.

Duk wanda aka aiko wa saƙo a waya cewa ya ci miliyoyi a ƙuri'ar da bai shiga ba, aka ce ya fara turo kuɗin takardu, ya sani damfara ce.