Tsokanar jijiya da lantarki don gyara fitsari bayan raunin laka

Laka ita ce igiyar jijiya da ke cikin ƙashin baya, wadda ke kai saƙo tsakanin ƙwaƙwalwa da sauran jiki. A jihar Agadas, haɗarin mota a kan hanyar Tawa zuwa Arlit, faɗuwa daga babur da ruftawar rami a wuraren haƙar zinariya irin su Jado da Cibarkaten suna cikin abubuwan da ke raunata ta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutane fiye da miliyan 15 ne ke rayuwa da wannan rauni a duniya. Jama'a sun fi lura da shanyewar ƙafafu, amma matsalar fitsari ce ke iya lalata ƙoda a ɓoye.

Abin da ke samun mafitsara

Jijiyoyin da ke sa mafitsara ta matse suna fitowa ne daga ƙasan laka, a gurbin da likitoci ke kira S2 zuwa S4. Idan rauni ya faru sama da nan, mafitsara kan matse da kanta ba tare da sanin mai ita ba, sau da yawa kuma bakinta a rufe. Fitsari sai ya koma sama ya danne ƙoda. Idan kuwa raunin ya taɓa ƙasan lakar, mafitsara kan saki, ta cika ba ta juye ba.

Hanyoyi uku na tsokanar jijiya

Ta farko ita ce na'urar Giles Brindley, masani ɗan Ingila, wadda aka fara dasa wa mutum a 1976. Ana ɗaura ƴan wayoyi a kan jijiyoyin S2 zuwa S4, a ɓoye wani ɗan faifai ƙarƙashin fata. Idan majinyaci ya ɗora na'urar hannu a kan faifan, mafitsara sai ta matse, fitsari ya fita. Ta fi dacewa da wanda lakarsa ta katse gaba ɗaya. Galibi akan haɗa da yanke jijiyoyin ji na wurin, yankan da ba ya komawa, kuma yana iya raba namiji da miƙewar gaba ta kai tsaye.

Ta biyu ita ce dasa siririyar waya kusa da jijiyar S3, haɗe da ƙaramin batir a saman ɗuwawu. Amurka ta amince da na'urar InterStim ta kamfanin Medtronic a 1997. Kafin a dasa, akan yi gwaji na ƴan kwanaki ko makonni. An fi ganin amfaninta ga wanda lakarsa ba ta katse duka ba.

Ta uku ba ta buƙatar tiyata. Ana tsokanar wata jijiya da ke bayan idon sawu da siririyar allura ko abin mannawa a fata, yawanci minti 30 sau ɗaya a mako har mako 12 idan da allura ne. Tana rage yawan matsewar mafitsara ga wasu, ita ce kuma mafi sauƙin kuɗi.

Babu ɗaya daga cikinsu da ke haɗa lakar da ta katse. Dashen na'ura yana buƙatar gwajin ƙarfin matsewar mafitsara, likitan jijiya da na mafitsara, da bibiya ta shekaru, shi ya sa aka fi yin sa a manyan cibiyoyin Turai da Amurka.

Abin da ke hannun iyali

Daga babban asibitin Agadas, mai raunin ƙashin baya da ke buƙatar tiyata ana iya tura shi Yamai, tafiyar fiye da kilomita 900. Bayan ya dawo gida, abin da ke kare ƙodarsa shi ne juye mafitsara a kan lokaci. A 1972 likita Jack Lapides na Amurka ya nuna cewa majinyaci zai iya zura robar fitsari mai tsabta da kansa, ya juye, ya cire. Ana yin haka duk awa 4 zuwa 6, bayan wanke hannu da sabulu, don kada abin da ya taru ya haura rabin lita. Ma'aikacin jinya ne ke koyar da shi.

A zafin Agadas, wasu kan rage shan ruwa don gudun jiƙa tufafi. Wannan yana jawo tsakuwa da ciwon mafitsara. Zazzaɓi, fitsari mai wari ko jini, da ciwon kwiɓi alamu ne na a tafi asibiti. Ga wanda rauninsa ke saman baya ko wuya, cikar mafitsara na iya ɗaga hawan jini nan take, da matsanancin ciwon kai da gumi. A zaunar da shi, a sassauta tufafi, a juye fitsarin, a nemi likita ba jinkiri. Wanda ya tsare ƙodarsa ta haka shi ne zai iya cin moriyar na'ura idan ya samu isa gare ta.