The Congress (fim na 2013)

The Congress fim ne na shekarar 2013 wanda Ari Folman, ɗan ƙasar Isra'ila, ya rubuta kuma ya ba da umarni. Kashin farko na fim ɗin mutane ne na zahiri suke wasa, daga baya sai ya rikiɗe ya koma zanen katun. Folman ya ɗauko wani ɓangare na labarin daga littafin The Futurological Congress na 1971, na marubucin ƙasar Poland Stanisław Lem, amma batun jaruma da kamfanin fim ƙarinsa ne, babu shi a littafin. An fara haska shi a bikin fina-finai na Cannes da ke Faransa a watan Mayun 2013.

Labarin fim

Robin Wright ta fito da sunanta na gaskiya, a matsayin jarumar da tauraronta ya dusashe bayan tashen da ta yi a The Princess Bride. Wani kamfani na ƙage mai suna Miramount ya yi mata tayi na ƙarshe: za a ɗauki surarta da motsinta, har da dariya da kukanta, a zuba a kwamfuta, kamfanin ya riƙa shirya fim da ita ba tare da ta taka wurin ɗauka ba. Sharaɗin shi ne ba za ta sake yin wasa a ko'ina ba tsawon shekara 20. Da fari ta ƙi. Abin da ya karya mata gwiwa shi ne ciwon ɗanta Aaron, wanda jinsa da ganinsa ke raguwa a hankali.

Wurin da ya fi ratsa zuciya shi ne ranar ɗaukar surar. An tsayar da ita cikin wata ƙatuwar ƙubba mai cike da fitilu da kyamarori, sai ta daskare, ta kasa komai. Wakilinta Al, rawar da Harvey Keitel ya taka, ya shiga ba ta labarin ƙuruciyarsa har ta yi dariya, sannan ya juya zancen kan rayuwarta har ta fashe da kuka. Na'ura na naɗar komai. Wasanta na ƙarshe kenan, kuma ba wasa take yi ba.

Bayan shekara 20 aka gayyace ta taro a Abrahama, birnin da ba a shiga sai an shaƙi wani sinadari da ke mai da mutum katun. A can kamfanin ya nemi ya sayar da ita a matsayin sinadarin da duk wanda ya sha zai zama ita. Daga nan labarin ya sarƙe sosai, ya koma neman ɗanta a duniyar da mutane suka zaɓi ruɗin ƙwaya a kan zahiri.

Karɓuwa

Fim ɗin ya lashe kyautar gwarzon fim ɗin katun a gasar fina-finan Turai ta 2013. Masu sharhi sun yaba wasan Wright, amma ra'ayinsu ya rabu kan kashin katun, wanda wasu suka ga ya cika rikitarwa. Max Richter ne ya tsara kiɗan.

An sake waiwayar fim ɗin a 2023, lokacin da ƙungiyar 'yan wasan Amurka, SAG-AFTRA, ta yi yajin aiki daga Yuli zuwa Nuwamba. Cikin manyan buƙatunta akwai neman izinin ɗan wasa da biyansa kafin a yi amfani da kwafin surarsa na kwamfuta.