Nisan Kano da Maiduguri: ta Sama da ta Ƙasa

Idan aka miƙa zare a kan taswira daga filin jirgin sama na Malam Aminu Kano zuwa na Maiduguri, za a samu kimanin kilomita 500. A mota kuwa nisan ya kusa kilomita 600, domin hanyar tana bi ta Wudil, Shuwarin, Azare, Potiskum da Damaturu, wato tana ratsa jihohi biyar: Kano, Jigawa, Bauchi, Yobe da Borno. Lokacin da nake bakin aiki na bi duka biyun. Jirgi kan kai ni cikin kamar awa ɗaya, mota kuwa sai in yi asubanci in isa da la'asar.

Wannan layi ya girmi jirgin da motar. Shi ne hanyar gabas wadda alhazanmu na da suka bi da ƙafa da jakuna, su ratsa Borno da Wadai da Darfur har su kai Bahar Maliya. Da jirgin sama ya zo, sawunsu ya bi. A shekarar 1925 jirage uku na sojan saman Ingila, ƙarƙashin Arthur Coningham, suka taso daga Masar, suka biyo ta Sudan da Fort Lamy, wadda ake kira Njamena yanzu, suka yada zango a Maiduguri, sannan suka sauka Kano a farkon watan Nuwamba. A 1936 kamfanin Imperial Airways ya fara jigila daga Khartum zuwa Kano ta Maiduguri. A Yaƙin Duniya na Biyu kuma, tun daga 1940, dubban jiragen yaƙi da aka harhaɗa a Takoradi ta ƙasar Gana ta waɗannan filaye biyu suka wuce zuwa Masar.

Ta ƙasa al'amarin ya yi jinkiri. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, amma bai kai Maiduguri ba sai 1964, shi ma ta Bauchi da Gombe ya zagaya. Saboda haka titin mota ne ya ɗauki nauyin fatake da ɗalibai da masu ziyarar dangi. Sai a 2006 gwamnatin tarayya ta ba da kwangilar mayar da shi tagwaye, aikin kuma ya ci shekaru masu yawa.

Rikicin Boko Haram ya koya mana cewa ba kilomita kaɗai ake auna nisa da ita ba. A 2013 an kashe matafiya da dama a Benisheik, a watan Disamba na shekarar kuma aka kai hari sansanin sojan sama na Maiduguri, aka dakatar da jiragen fasinja. A watan Fabrairun 2020 an ƙona matafiyan da dare ya riska a Auno, kilomita kaɗan daga gari. Mai hali yakan hau jirgi idan ya samu, talaka kuwa ba shi da zaɓi sai titi.

Don haka ina roƙon malaman makaranta, idan za su koyar da wannan nisa, kada su tsaya ga alƙaluma. Su faɗa wa yara su wa suka bi hanyar, kwana nawa ko awa nawa ta ci musu, kuma su wa suka isa lafiya. Allah ya kiyaye mana hanyoyinmu.