3.2 Kawunan Jirgi Masu Amfani da Man Dizal da Launinsu

Wannan sashe zai yi bayani a kan sauyin da aka samu daga kawunan jirgi masu kwal zuwa masu man dizal, da yadda ya shafi ƙasar Kabi.

Layin dogo bai taɓa shiga Birnin Kabi ko Argungu ba. Reshen da ya taso daga Zariya ya ratsa Funtuwa da Gusau, ya tsaya a Ƙaura Namoda a shekarar 1929. Saboda haka fatu da ƙiraga da sauran kayan fataucin kwarin Rima sai an kai su Gusau a mota ko a kan dabbobi kafin su hau tarago. Duk jinkirin da jirgi ya yi, har su ya shafa.

Kan jirgi mai kwal yana da matsaloli biyu a Arewa. Na farko, daga Inugu ake ɗauko kwal, wanda kuma shi kansa yakan cinye taragun da ya kamata a loda wa gyaɗa da auduga. Na biyu, yana shan ruwa mai yawa, ga shi kuwa ruwa yakan yi wuya da rani. Dizal ya rage waɗannan wahalhalu. A shekarar 1955, wato shekarar da aka kafa Hukumar Jiragen Ƙasa ta Nijeriya, aka kawo kawunan dizal guda 10 ƙirar kamfanin English Electric na Ingila. A 1958 aka ƙaro wasu daga kamfanin General Motors na Amurka, sannan a shekarun 1970 aka sayo na Kanada da na General Electric.

Dangane da launi kuwa, masu kwal galibi baƙaƙe ne, domin hayaƙi ba ya barin fenti ya yi haske. Launin da aka fi sanin hukumar da shi a zamanin dizal shi ne kore da ruwan ɗorawa, a jikin kai da taragun fasinja. Ruwan ɗorawa yana sa a hango jirgi daga nesa a mararrabar hanya.

Sai dai daga shekarun 1980 rashin kayan gyara ya durƙusar da kawuna da dama, manyan motoci suka karɓe dakon kaya. An ƙirƙiro Jihar Kabi a 1991 ba tare da ko tasha ɗaya ba.